Zaɓen Keken Fatsa a Kogunan Ingila

A Ingila akwai wata hanyar fatsa wadda a ke sakin ƙugiya ta bi ruwa, da ɗan gashin tsuntsu ɗaure a zaren yana yawo a bisa kamar totuwa. In ya nutse, kifi ya kama ke nan. Masu fatsa na Kogin Tirent, wajen birnin Notingam, su suka shahara da ita tun ƙarni na 19.

Zaren yana naɗe a kan wani ɗan keke da a ke ɗaurawa a gindin sanda, mai juyawa bisa ƙusa guda ta tsakiya. Da fari da katako a ke yinsa. A 1896 kamfanin Allcock ya fito da wani mai suna Aerial, mai wayoyi kamar ƙafar basukur, domin a rage nauyi.

Babban abin dubawa shi ne sauƙin juyawa. Lalle ne ƙarfin ruwa kaɗai ya isa ya warware zaren. In keken ya cije, sai tana ta tsaya cik alhali ruwa na tafiya, kifi kuwa ya tsargu ya ƙi ci.

Saboda haka mai saye ya kaɗa shi da yatsa, ya ga ba ya mangarɗa, ba ya kuka. Ya duba kada a sami rata inda zare zai maƙale. Mai faɗin inci 4 ya isa yawancin koguna, gama kowane juyi yana naɗe zare wajen ƙafa ɗaya. Wanda ya saya don ƙyalƙyali, ya yi hasarar kuɗinsa.