Tudu, Fadama da Haƙar Kwal: Abin Lura ga Jega, Aliero da Maiyama



Kalmar kwal baƙuwa ce a Hausa, aro muka yi daga Turanci, domin gawayi kakanninmu suka sani. A Nijeriya an gano kwal a shekarar 1909 cikin tuddan Udi, wajen Inugu, aka riƙa haƙarsa don jiragen ƙasa. An bar manyan ramukan tuni, amma gurɓataccen ruwan da ke tsattsafowa daga cikinsu yana zuba a kogin Ekulu. A Maiganga ta Jihar Gwambe, inda ake haƙa a sarari saboda masana'antar siminti ta Ashaka, sai da aka tashi mutanen ƙauyen, kuma sun sha kai kuka kan ƙura da ruwan sha.

Wani zai ce, ina ruwan Jega da wannan, alhali ba a san ta da kwal ba? Amsa ita ce, tudu shi ne rumbun ruwan fadama. In damina ta sauka, itatuwa da ciyayi ke tare ruwa har ya nutse, kana ya riƙa gangarowa sannu a hankali ta ƙarƙashin ƙasa zuwa fadamu, irin na Gulbin Zamfara. Da shi mai albasa a Aliero da mai shinkafa a Jega da Maiyama ke noman rani. Idan aka ƙwaƙule tudu, ko don kwal ko don marmara, ko kuwa aka aske itatuwansa aka yi gawayi, ruwan zai kwararo gaba ɗaya, ya haƙa kwazazzabo, ya binne fadama da yashi. A ganina mai gatari ya fi mai haƙar kwal kusa da mu.

Kada kuma a zaci duk makamashi marar hayaƙi ba shi da illa. Madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, ta ba da lantarki, amma tafkinta ya tashi dubban mutane a ƙasar Yawuri da Busa. Hasken rana ne ba ya tada kowa, ga shi kuwa Allah ya hore mana shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, injin ban ruwa ya zama kaya ga manomi, famfo mai aiki da hasken rana kuwa ba ya shan mai. Cikas ɗinsa kuɗin saye ne, domin a dunƙule ake biya. Nan ne ya kamata ma'aikatan gona su shigo da rance mai sauƙi, jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 kuma ta horar da samarin da za su riƙa gyara famfunan a ƙauyuka.