Alƙali a Katsina, Alcalde a Sifaniya

Da wuya ɗalibin da ke ratsa Unguwar Alƙali a birnin Katsina ya san cewa sunan nan yana da ɗan'uwa a Turai. A Sifaniya akwai iyalai masu suna Alcalde, kuma sunayen biyu daga "al-ƙadi" na Larabci suka fito. Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 zuwa 1492, suka bar kalmar a can. Yau magajin gari take nufi, har a Kudancin Amurka.

To, ina "l" ta samo asali? Tun ƙarni na 8 Sibawaihi ya bayyana cewa daga gefen harshe ake furta harafin ض, wanda almajirai ke kira lodi. Yawancin Larabawa sun sauya lafazin, amma Bahaushe yana cewa alwala da lalura, mutumin Sifaniya kuwa ya riƙe "ld".