Motar da Ke Tashi da Asuba, Ta Ƙi Tashi da Azahar

Akwai wata cuta ta motar gas da ke haɗa direba da makanike faɗa. Da asuba, injin a sanyaye, bugu ɗaya mota ta tashi. A yi lodi, a kama hanya, ta yi gudunta lafiya lau daga Kano har Zariya. A tsaya gidan mai, ko a sauka sallar azahar, a kashe ta minti goma. Ana dawowa a murɗa makulli, kik ya yi ta juyi, injin ya ƙi kamawa. In an haƙura ta huce na awa guda, sai ta tashi kamar ba ita ba. In fasinjoji sun sauko sun tura, nan ma ta tashi. Kashegari da safe a kai ta gareji, ta tashi a gaban makanike ba gardama, direba ya yi ta rantsuwa: "Wallahi Oga, jiya sai da muka tura ta sau biyu."

Abin da aka fi saurin canzawa shi ne hita, kuma kusan kullum asarar kuɗi ce. Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na motar fetur. Tun injin da Rudolf Diesel ya kammala a Jamus a 1897, dabarar ba ta sake ba: fistin ya matse iska zalla har ta koma kashi ɗaya cikin 16 zuwa 22 na girmanta, matsin ya sa zafinta ya haura digiri 500, sannan a fesa mai a ciki ya kama da kansa. Aikin hita shi ne taimako da sanyin safiya, lokacin da ƙarfen injin ke shanye zafin iskar kafin ya kai. Injin da ya yi gudun kilomita ɗari ba ya bukatarta. Haka ma ringin da ya cinye ko silindar da ta buɗe: wahalarsu da safe take, da injin ya ɗumama sai su lafa. Saboda haka motar da ke tashi a sanyi ta ƙi a zafi ta riga ta wanke waɗannan daga zargi. Abin da ya rage a bincika shi ne saurin juyin kik, da ƙarfin turin mai, da kayan lantarkin da ke ba da izinin fesa man.

Mutane da yawa ba su san cewa cikin bonet ya fi zafi bayan an kashe mota fiye da lokacin da take gudu ba. Tana tafiya, iska na kaɗawa, fanka na juyi, ruwa na zagayawa zuwa lagireto, man gas mai ɗan sanyi daga tanki na ratsa famfo. Ana kashe ta duk wannan ya tsaya cak, zafin da ke jikin ƙarfe ya rasa mafita, ya bazu cikin kik da famfon mai da wayoyi. Shi ya sa motar da aka kashe aka tayar nan take takan tashi, wadda aka bari minti goma ko ashirin ita ce ke ƙi. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin gari kansa ke wuce digiri 40, lamarin sai ya ninka.

A fara da kunne. A saurari kukan kik da safe, a sake saurarensa da mota ta yi zafi. In ya yi nauyi, yana jan jiki, to an kama bakin zare. Wayar tagulla tana ƙara taurin kai ga wutar lantarki idan ta yi zafi: tsakanin digiri 30 da digiri 100, ƙin wucewar wuta yana ƙaruwa da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Lafiyayyen kik ba ya jin wannan. Wanda gawayinsa ya cinye, ko bushinsa ya yi faɗi, ko wayar da ta haɗa injin da jikin mota ta yi tsatsa, shi ne ke durƙusawa. Gwajin ba ya cin kobo. A ɗauki wayar jan batir, a kama ƙafar batir mai alamar ragi da baki ɗaya, a kama jikin injin da ɗaya bakin, a buga. In juyin ya ƙaru mota ta tashi, laifin wayar jiki ne. Mai wayarin da ke da mita zai duba: batirin da ke faɗuwa ƙasa da bolt 10 yayin bugu ya gaji, ko kuwa kik ɗin ne ke zuƙar wuta fiye da kima.

Wasu motocin ma da gangan suke ƙin ba da mai in juyin bai kai ba. Tsofaffin Volkswagen masu injin 1.9 TDI, irin su Golf da Passat, sun yi suna da wannan. Idan injin na da zafi, ƙwaƙwalwar motar, wadda 'yan gareji ke kira birenbos, ba ta sakin mai sai juyi ya kai wajen 250 a minti. Da sanyi ba ta da wannan sharaɗin. Kik ɗin da ya ɗan gaji zai tayar da ita da asuba ya kasa da rana, alhali famfo da nozul duk lafiyarsu ƙalau. An sha kwance famfo a banza a kan wannan.

In kik na juyi da ƙarfinsa, sai a koma ga ido. Mutum ɗaya ya buga, ɗaya ya tsaya bayan mota ya kalli salansa. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana nufin mai na shiga amma ba ya kamawa. A nan sai a tuhumi taimin, ko nozul mai ɗiga, ko bawul da aka ɗaure ya matse har ba ya rufewa idan ƙarfe ya kumbura. In babu hayaƙi ko kaɗan, mai ne ba ya isa silinda, kuma wannan ya fi yawa.

A motocin da ke da famfo mai juyawa, irin Bosch VE da 'yan uwansa na Denso da ke kan Hilux da Hiace masu injin 3L da 5L da Land Cruiser mai 1HZ, akwai wani ɗan makunni a kan famfon mai waya ɗaya. Shi ke buɗe hanyar mai idan an murɗa makulli, shi ke rufewa idan an kashe. A kasa kunne kusa da shi: ya kamata a ji ƙas. In shiru, a ba shi wuta kai tsaye daga batir. Siririyar wayar da aka naɗe a cikinsa takan rabu idan ta yi zafi, ta sake haɗuwa idan ta huce.

In makunnin na aiki, an zo ga babbar magana. A cikin kan famfon nan sanda ɗaya ce tak ta ƙarfe, tana juyawa tana kai da komo, ita ke tura wa dukkan silindoji mai. Ratar da ke tsakaninta da gidanta 'yan maikiron ne kawai, wato kashi kaɗan cikin dubu na milimita, kuma babu roba ko wani abin toshi a wurin. Matsewar ƙarfen da kaurin man su ne ke riƙe ƙarfin turi. Nozul kuwa ba ya buɗewa sai turin ya haura bar 100 da ɗoriya, alhali tayar ƙaramar mota bar biyu da 'yan kai ake ba ta. To, famfo ya tsufa, rata ta ƙaru. Da safe man na da kauri, yana cike ratar, turi ya kai. Da ya yi zafi sai ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, ya riƙa sulalewa ta gefen sandar ya koma baya. Abin kamar guga mai huji ne: ka ja da sauri ruwa ya iso bakin rijiya, ka ja a hankali ya tsiyaye a hanya. Injin da ke sulo yana juyi 700 ko 800 a minti, sandar na tura mai kafin ya samu zarafin zurarewa, shi ya sa mota ba ta mutuwa a hanya. Kik kuwa 200 zuwa 300 yake iya yi. Turi a giya biyu yana fizgar injin fiye da haka, kuma sirrin tashinta da turi ke nan.

Tsofaffin makanikai suna da gwajin da har yau ba a fi shi sauƙi ba. Lokacin da motar ta ƙi, a tsiyaya ruwa a hankali a kan famfon, daidai inda bututun ƙarfe huɗu ko shida suka fito, a ɗan jira, a buga. In ta tashi, kan famfo ya cinye. Amma a yi da ruwan buta, wanda ya sha iska. Ruwan ƙanƙara yana iya sa gidan ya tsuke farat ɗaya ya kama sandar, ƙaramin gyara ya koma sayen famfo. Kuma gwaji ne na gane cuta. Direban da ya mai da shi al'ada, yana yawo da jarka don shayar da famfo a kowace tasha, yana ƙara wa kansa kuɗin gyara ne.

Me ke cinye famfon? Irin wannan famfo ba ya samun baƙin mai. Man gas ɗin da yake turawa shi ne kuma man shafawarsa. Gas ɗin da aka surka da kananzir ya fi tsinkewa kuma ba shi da santsi, ga ruwa da ƙurar da ke biyo man jarka na bakin titi, ga filtar da ake wankewa da fetur a mayar maimakon a canza. Tsofaffin Marsandi irin 190D sun fi jurewa domin famfonsu mai jere ne, kowace silinda da sandarta, ƙasansa kuma cikin baƙin mai yake wanka.

Sababbin motoci sun canza tsari, cutar ba ta canza ba. Tun 1997, lokacin da Alfa Romeo 156 da Marsandi suka shigo da shi ƙananan motoci, tsarin bututun tarayya ya mamaye kasuwa: famfo ya tara mai a bututu guda, wanda makanikai ke kira rel, da turin da kan haura bar 1,500 in ana gudu, birenbos kuma ya riƙa buɗe nozul da lantarki. Hilux mai injin 2KD ko 1KD haka take. A nan birenbos ba zai buɗe ko nozul ɗaya ba sai turin rel ya kai wajen bar 200 zuwa 300 yayin bugu. Kowane nozul yana mayar da ɗan mai tanki, haka aka ƙera shi. Wanda bawul ɗin cikinsa ya cinye yakan mayar da yawa idan mai ya tsinke, kuma guda ɗaya ya isa ya hana rel cika, sauran ukun su zauna jira. Ana gane shi da siraran tiyo masu nuna ciki da ƙananan kwalabe huɗu: a cire tiyon komawa, a saka kowane nozul da kwalbarsa, a buga injin yana da zafi. Kwalbar da ta yi wa sauran nisa ta tona asirin mai laifi. In huɗun sun yi daidai, sai a duba bawul ɗin da ke kan famfo da wanda ke ƙarshen rel. Kada dai a kwance bututun ƙarfe a irin wannan mota don a ga ko mai na zuwa, kada kuma a lalubi yoyo da yatsa. Turin yana huda fata.

Sai sensa. Wadda ke ƙirga juyin karanshaf, a motoci da yawa, naɗin waya ce siririya, kuma tana da halin makunnin can: zafi ya raba, sanyi ya haɗa. Alamarta a gaban direba take, domin a yawancin motoci allurar agogon juyin injin takan ɗan motsa yayin bugu. In ta kwanta ɗif, birenbos bai san injin na juyawa ba. Ta kamshaf ta fi wayo: a wasu injinan lokacin tayarwa kawai ake bukatarta, sai ta mutu a hanya mota ta ci gaba da gudu, sai an kashe a gane. Ta zafin ruwa kuma in ta yi ƙarya, birenbos zai auna man tayarwa ba daidai ba. Sau da yawa mai kwamfuta zai ce "ba ta nuna komai ba", domin jerin laifuffuka kawai ya duba. A roƙe shi ya buɗe shafin da ke nuna lambobi kai tsaye, a buga mota tana cikin ƙin tashi, a karanta juyi nawa, turin rel nawa, zafin ruwa nawa.

Iska a cikin layin mai ta fi damun motar da ta kwana, amma duba ta ba wuya: guntun tiyo mai nuna ciki tsakanin filta da famfo, a ga ko kumfa na wucewa.

Duk waɗannan gwaje-gwaje sharaɗinsu ɗaya ne, a yi su mota na da zafi tana ƙin tashi. Don haka a kai ta gareji da rana bayan doguwar tafiya, a kashe ta a ƙofar makanike, a jira minti goma sha biyar. Kowane bugu kada ya wuce daƙiƙa goma zuwa sha biyar, a bar kik ya huta tsakani. Fesa fetur ta bakin iska kuma a bar shi, domin yana iya fashewa kafin fistin ya kai sama ya karya ringi. In gwaji ya nuna kan famfo ne, akwai masu murɗa sukurun mai su ƙara, motar ta ɗan yi wata biyu tana tashi tana turnuƙe titi da baƙin hayaƙi. Gyaran gaskiya shi ne a kai famfon wurin masu injin gwaji, a sa sabon kai da sandarsa tare domin a haɗe ake ƙera su, a saita shi, a canza filta, a sauke tanki a wanke kafin a mayar. Wanda kuma zai sayi famfo na hannu a Panteka ko Ƙofar Ruwa, ya yi sharaɗi da mai shago cewa ciniki bai faɗa ba sai an ɗaura shi, an yi gudu, an kashe, ya tashi da zafi.