Tanda da tanderu a ƙasar albasa

Duk wanda ya kwana Madawa, kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, ya san yadda gari ke wayewa a bakin tasha: teburin mai shayi cike da burodi, ma'aikaci na sauri ya kai biro, ɗan kasuwa na jiran kamiyon da zai ɗauki buhunan albasarsa. Albasar nan ta fadamun Tarka ce, ko ta Arzarori da Sabon Gida, za ta sauka har Abijan da Akara. Burodin kuwa galibi da garin alkamar da ya ƙetaro teku aka yi shi. Wato ƙasar da ke ƙosar da tukwanen wasu da kayan miya, ita ke karya kumallo da abin da farashinsa ba ya hannunta.

Magidanta sun ɗanɗana wannan fiye da sau ɗaya. A watan Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, har da garin alkama. A 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya sake ɗaga farashin alkama a duniya, a 2023 kuma rufe iyakoki ya wahalar da shigo da kaya. A kowane karo tanda ce ta rufa wa gidaje da yawa asiri.

Masa ba ta neman abin da babu a rumbu. Uwargida takan jiƙa gero ko shinkafa, ta kai niƙa, ta ɗebi kamar kashi ɗaya cikin huɗu ta dafa, ta bari ya huce, sannan ta haɗe da sauran ƙullun ta rufe ya kwana. Dafaffen kashin nan ne ke ba masa laushi, kwanan kuma ke sa ta tashi. Da asuba, in tsami ya yi yawa, ɗan ruwan kanwa ya isa ya karya shi. Sai gishiri da yankakkiyar albasa cikin ƙullun, a ɗiga man gyaɗa a kowane gurbin tanda, a zuba, a juya in gefe ya yi ja. Tandar ƙasa ta fi ta ƙarfe riƙe zafi daidai, shi ya sa tsofaffi ba su yarda su rabu da ita ba. Karan dawa ma ya wadatar wajen wuta, abin da ba ƙarami ba ne a yankin da itace ke da daraja.

Gurasa ita ce ta fi kusa da burodi, kuma Kano ce gidanta. Ana kwaɓa garin alkama da yis da gishiri, a bari ya kumbura, a manna shi a cikin tanderu mai zafi har ya gasu. Tana cin alkama, gaskiya ne, amma ba ta son sukari ko mai, kuma wanda ya samu alkamar da ake nomawa a fadamar Ƙonni ya huta da ta jirgin ruwa. A wajen Keita, inda Hausawa da Buzaye suka daɗe suna zaman tare, an san wata hanyar da ba ta buƙatar ko tanderu: tagella, wadda ake binne kwaɓinta cikin rairayi mai zafi da garwashi, a tono, a kakkaɓe, a gutsuttsura cikin man shanu ko miya.

Amma gashi ba ya tafiya shi kaɗai. A mahaɗi ne Adar ta fi kowa arziki, a nan ne kuma ake yin sakaci. Lokacin girbin albasa, wajen Maris da Afrilu, farashi kan faɗi warwas, abin da aka zuba a rudu kuma wani sashe nasa kan ruɓe kafin kasuwa ta gyaru. Tun kaka da kakanni mata sun san maganin wannan asara: gabu. Ana daka lawashi, a dunƙula, a shanya har ya bushe ƙarau, ya yi watanni bai lalace ba. In aka ɗan soya shi aka daka, ƙamshinsa ba ya jin tsoron dunƙulen magi. Haka tumatirin rani, da ake yankawa a shanya ya zama kauɗa. Furojen Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO, mata ne suka fi yawa a cikin masu ɗaukar duwatsun da aka gina shingayen tare ruwa da su. Ruwan da aka tare ya taimaka wa noman rani a kwaruruka, ga Tamaske nan ta shahara da albasa. Abin takaici ne a ce jikokin waɗannan mata su tashi ba su san dakan gabu ba.

Miyar dangwale mafi sauƙi ba ta wuce minti 20. A soya albasa biyu ko uku a man gyaɗa har su yi laushi, a zuba garin kauɗa da aka jiƙa, da gabu, da ɗan daddawa, da tattasai da gishiri, a bari ruwan ya tsotse, mai ya taso. Wanda ba ya son kunna wuta sau biyu sai ya daka ƙuli-ƙuli da barkono da citta da gishiri, ya dama da ɗan ruwa da mai, ya yanka ɗanyar albasa a kai. Da irin wannan ake cin gurasa a Kano, ana kiranta bandashe, kuma yana karɓar masa haka nan.

Za a ce matar da ita ma ke zuwa aiki ba ta da lokacin tanda, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai yawancin aikin na yamma ne: jiƙo, niƙa da haɗin ƙullu. Yajin ƙuli busasshe kan yi makonni a kwalba. Gidan da bai iya ba kuwa, a kowace unguwa ta Buza ko Madawa akwai mai masa da ke hura wuta tun kafin a fito sallar asuba, kuɗin da aka miƙa mata kuma daga hannunta sai na mai injin niƙa, da mai man gyaɗa, da manomin gero.