Cin Rani ko Ƙaura: Yadda Bahaushe Manomi Yake Yanke Shawarar Zuwa Birni

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda manomi a ƙasar Hausa yake yanke shawarar barin ƙauye domin neman aiki a birni. Ta nuna cewa a al'adar Bahaushe shawarar ta gida ce, kuma abin da ake aunawa shi ne ko tafiyar za ta ƙarfafa gona ko za ta raba mutum da ita.

1.0 Gabatarwa

Harshen Hausa ya bambanta nau'o'in barin gida tun kafin masana su fara nazarinsu. Wanda ya tafi bayan kaka da niyyar dawowa kafin shuka, cin rani ya tafi. Wanda ya kwashe iyalinsa ya bar garin, ƙaura ya yi. Wanda kuwa ya fita ba sallama, ba a san ranar dawowarsa ba, sai a ce ya shiga duniya, kuma wannan ba yabo ba ne. Dukkan ukun suna iya hawa mota ɗaya zuwa Kano ko Legas, amma matsayinsu a idon dangi ya sha bamban.

2.0 Asalin Cin Rani

A yawancin ƙasar Hausa damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, sai rani mai tsawo wanda aikin gona yake ƙaranci a cikinsa, in ba ga mai fadama ba. Fita a wannan lokaci tsohuwar al'ada ce ga fatake da masu sana'a da malamai da almajiransu. Mulkin mallaka ya ƙara mata ƙarfi, domin haraji ya koma na tsabar kuɗi, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. R. M. Prothero ya yi nazarin 'yan cin ranin lardin Sakkwato a shekarun 1950, David Rain kuma ya rubuta littafi a kan na yankin Maraɗi a 1999.

Kalmar kanta tana ɗauke da lissafi. Ɗan cin rani yana amfanar gida ta fuska biyu: kuɗin da zai dawo da su, da hatsin da bai ci ba. Saurayi ɗaya da ya yi wata biyar a waje ya rage wa rumbu nauyi, hatsin kuma zai kai gidan tsakiyar damina, lokacin da abinci yake tsada, aiki kuma yake da yawa. Saboda haka ko da ya dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ba a ɗaukar tafiyar a matsayin asara.

3.0 Abubuwan da Ake Aunawa

Na farko shi ne gandu. A tsarin da Polly Hill ta bayyana a littafinta na 1972 a kan Batagarawa, 'ya'ya maza suna noma gonar uba, shi kuma yana ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari, ya ba su gayauna. Ɗan da yake cikin gandu ba shi da ikon tafiya sai da iznin maigida, maigida kuwa yana duba yawan hannuwan da za su rage. Gidan da yake da samari huɗu yana iya sakin biyu. Gidan da yake da ɗa guda zai yi ta jan ƙafa.

Na biyu shi ne masauki. Da wuya mutum ya nufi birnin da ba shi da kowa. Abner Cohen ya nuna a 1969 yadda masu gida a unguwar Sabo ta Ibadan suke saukar da baƙi, su tsaya musu a harkar shanu da goro. Har yau ɗan ƙauye yakan bi sawun ɗan garinsu ne, shi ya sa ake samun mutanen ƙauye ɗaya sun taru a sana'a ɗaya, ko ga-ruwa, ko dako, ko gadi, ko yankan farce.

Na uku shi ne guzuri da jari. Kuɗin mota da na abincin kwanakin farko, da kuɗin baro ko kura ko babur, duk daga gida suke fitowa, sau da yawa ta hanyar sayar da akuya ko buhun hatsi. Wannan ya sa wanda ya fi kowa talauci a ƙauye shi ne tafiyar ta fi yi wa wuya.

Na huɗu shi ne rashin tabbas na sana'ar birni. A watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni, a 2022 kuma gwamnatin Legas ta hana shi a wasu ƙananan hukumomi. Wanda ya bar gonarsa a hannun ƙanensa ya sami wurin komawa. Wanda ya sayar da ita ya sayi babur ya rasa duka biyun.

4.0 Inda Cin Rani Yake Rikiɗewa

A ganin wannan maƙala, haɗarin ya fi yawa a inda cin rani yake zama ƙaura ba tare da an zauna an yanke shawara ba. Shekarar farko mutum ya dawo a bazara, ya yi sharar gona, ya kai taki. Shekara ta biyu ya makara, sai bayan shuka. Ta uku ya aiko da kuɗin ƙwadago. Daga nan gona ta shiga aro, ta shiga jingina, har ranar da za a sayar. A birni kuma bai mallaki ko ɗaki ba. Irin wannan ne Hausawa suke nufi da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ko da yake su ne kuma suka ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Dole a ware waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato. Su gudun hijira suka yi, ba a ba su damar auna komai ba, kuma sanya su cikin 'yan cin rani kuskure ne a nazari.

5.0 Kammalawa

Mai nazarin wannan batu zai fi samun haske idan ya tambayi ɗan cin rani abu uku: wa ya ba shi izni, wa yake riƙe da gonarsa, kuma yaushe ya yi shuka da hannunsa a ƙarshe. Amsoshin su ne za su nuna ko har yanzu cin rani yake yi, ko kuwa ya riga ya ƙaura bai sani ba.