Na'urorin Duba Tsofaffi Daga Gida: Wa Zai Biya?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa nan da shekarar 2030, mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya zai kai shekara 60 ko fiye. Wannan ya sa kamfanoni suke zuba jari a na'urorin da ke auna hawan jini, sukari da numfashin majiyyaci a gidansa, su aika wa asibiti ta waya ko intanet. Abin da ya kamata mai jari ya sani shi ne me binciken jami'o'i ya gano game da amfaninsu da tsadarsu.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwaje mafi girma an yi shi ne a Ingila, inda daga 2008 aka ɗauki mutane 3,230 masu ciwon sukari, ciwon huhu ko gazawar zuciya, aka raba su gida biyu. Bayan shekara guda, kashi 4.6 cikin ɗari na waɗanda aka ba na'urorin suka rasu, alhali a ɗaya rukunin kashi 8.3 ne. Kwanciya asibiti ma ta ɗan ragu.

Sai dai da masana tattalin arziki suka yi lissafi a 2013, sun tarar kowace ƙarin shekara ta cikakkiyar lafiya ta ci fam 92,000, wato ninki uku na fam 30,000 da hukumar NICE kan amince gwamnati ta kashe a wancan lokacin. Dalili kuwa, bayan kuɗin na'ura akwai albashin ma'aikatan jinya da ke zaune suna duba alƙaluman kullum, kuma cibiyoyin ba su cika da majiyyata ba. Da aka ƙaddara farashin kayan ya faɗi da kashi 80, cibiyoyin kuma suna aiki iya ƙarfinsu, sai kuɗin ya sauko zuwa fam 12,000. Gwamnatin ƙasar dai ta riga ta yi gaggawar ƙaddamar da shirin kai wannan hidima ga mutum miliyan 3 tun kafin lissafin ya fito.

A fannin gashin ƙashi labarin ya fi daɗi. Wani gwaji a Amurka da aka buga a 2019 ya bi mutane 124 masu shanyewar ɓarin jiki na tsawon mako shida, ya nuna hannun masu motsa jiki a gida ta kwamfuta ya farfaɗo daidai da na masu zuwa asibiti. A nan, abin da aka rage shi ne kuɗin mota da lokacin ɗan rakiya.

A Nijeriya, mafi yawan kuɗin magani daga aljihun iyali yake fita. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, amma muddin masu inshorar ba su sa duba majiyyaci daga nesa cikin abin da suke biya ba, ɗan kasuwa zai sayar wa 'ya'yan tsoho na'ura sau ɗaya, ya rasa wanda zai biya albashin mai dubawa kowane wata.