Sai Akawu Ya Dawo

Zancenmu na wannan mako a kan takarda ne, da halin masu riƙe ta a wurin aiki. Kada ki ce wannan magana ta maza ce. Ranar da aka nemi takarda aka rasa, sau da yawa mace ce ke zaman jira a bakin ofis da goyo a baya.

In kin san Nasarawa ta nan Kaduna, a ƙetaren kogi, kin san masaƙu ne suka raya ta. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, daga baya waɗansu suka biyo, ma'aikata suka cika Nasarawa da Makera da Kakuri. A 2002 KTL ta tsaya, ma'aikatanta suka yi shekaru suna neman kuɗin sallama, waɗansu har suka rasu suka bar wa matansu nema. To, duk wadda ta je neman haƙƙin mijinta, ko a wace ma'aikata ce, tambaya uku za a fara yi mata: yaushe aka ɗauke shi, mece ce lambarsa, nawa ne albashinsa na ƙarshe. Amsarsu duka tana cikin fayil.

Wata maƙwabciyata, mijinta masinja ne a wani ofis a cikin gari. Da Allah Ya yi masa rasuwa, ta gama takaba, ta je. Zuwa huɗu ta yi, kullum magana ɗaya: sai akawu ya dawo. Ashe mutum ɗaya ne ya san inda kowane fayil yake, mabuɗin ɗakin kuwa yana aljihunsa, ga shi yana kwance asibiti. Abin da ya cece ta shi ne tsohuwar adakar marigayin, inda ta tarar da takardar ɗaukarsa aiki da takardun albashi an ɗaure da zare.

Ki lura, 'yar'uwa, ofis iri biyu ne. A na farko, wanda ya san abu yakan ɓoye, domin kada a iya yi ba da shi ba. Shugaba da baki yake ba da umurni. Sabon ma'aikaci ba mai nuna masa tsarin ajiya. Wanda ya yi kuskure ya faɗa sai a ci masa mutunci, saboda haka kowa ya koyi zare takardar da za ta tona shi. A na biyu, shugaba ba ya yanke magana sai an kawo masa fayil. Akwai rajistar da ake rubuta wanda ya ɗauka da ranar da ya mayar. Mai tafiya hutu yakan bar wa magajinsa bayani a rubuce. Kabad ɗinsu iri ɗaya ne, hali ne ya bambanta su. Ko kwamfuta ba ta maganin wannan, gama in lambar sirrinta tana kan mutum ɗaya, an koma gidan jiya.

In kina son ganin amfanin hali na biyu, je ki gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon. Aikin ya faro ne daga binciken da Dokta Kenneth Dike ya yi a kan tsofaffin takardun gwamnati, aka kafa ofishin ajiyarsu a Ibadan a 1954, sa'an nan aka buɗe reshe a Kaduna. A can za ki ga fayilolin Lardin Zazzau da na Kano da na Sakkwato, kowane da lambarsa, kowane jami'i ya rubuta ra'ayinsa ya sa kwanan wata. Akawunan da suka jera su sun daɗe da barin duniya, amma har yau ɗalibai na buɗewa su karanta.

Wannan ɗabi'a kuwa ba Turawa suka kawo mana ita ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu tun 1864, amma rubuce-rubucenta sun iso gare mu domin gidan Wazirin Sakkwato sun riƙe su, suna kwafa, suna adanawa. Gwamnati ma ta yi doka a 2011 wadda ta ba kowa ikon neman bayani daga ofisoshinta, ta kuma wajabta musu adana takardunsu. Amma doka ba ta ɗaukar fayil ta mayar cikin kabad, sai mutum.

Saboda haka, in ke ma'aikaciya ce, ko nas, ko malamar makaranta, ko akawu, ko uwar adashi, ga abin yi. Rubuta abu a ranar da ya faru, kada ki bari sai gobe. In an ba ki umurni mai nauyi da baki, ki roƙa cikin ladabi a sa hannu. Nuna wa ta ƙasa da ke inda kome yake, wannan ba zai rage miki daraja ba. In kin ga kuskure ki gyara a fili, ki sa kwanan wata.

In kuwa matar aure ce ke, ki nemi lokacin da maigida ke cikin walwala, ki tambaye shi inda takardar ɗaukarsa aiki take, da lambarsa ta fansho, da sunan wanda ya rubuta a matsayin magaji. A yi kwafi biyu, a sa cikin leda saboda ruwa da gara, ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan'uwa amintacce. Ba fatan mutuwa ba ne, rigakafi ne domin 'ya'yanki.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya sa mu dace, amin. Sai mako mai zuwa.